Magaryar Turawa

Butar shayin Baba na tafasa, jajayen 'ya'yan itace suna juyi a ciki. Busassu ne, kamar magarya. A jikin ledar an rubuta hawthorn, amma Alhaji Fataw, mai shagon magungunan gargajiya a titin Grand Concourse, nan ƙasar Turawa, magaryar Turawa yake ce musu.

"Yana wanke zuciya," in ji Baba. "Su kansu Turawan suna sha."

Na karanta a kansa. Wasu na sha don zuciya, gaskiya ne, amma ban ga inda aka ce ya isa shi kaɗai ba. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Kwalbar ƙwayoyin da asibiti ke ba Baba takan ƙare kafin sati ya zagayo, kuma ban taɓa ganin ya haɗiyi ko ɗaya ba. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmin sallar Juma'a ya daina shiga.

Ranar Asabar na bi shi shagon, na ce zan sayi daddawa. Ina kallo ya miƙa wa Alhaji wani ƙullin takarda, Alhaji ya jefa a aljihun tebur ba tare da ya buɗe ba.

"'Yar jami'a!" ya ce da dariya. "Yaushe za mu ci shinkafar biki?"

Na sunkuyar da kai. A hanya Baba ya ce, "Ba a haɗa shayin da maganin asibiti. Ƙwayoyin na kai wa Alhaji, yana aika su gida, a ba marasa ƙarfi."

"Ba su ake yi, Baba, ko sayar musu?"

"Sa'adiya! Mutumin da ya sauke ni a ɗakinsa shekara biyu, lokacin da ban san kowa a garin nan ba?"

* * *

Da na raka Baba asibiti, likitar ta daɗe tana kallon awon jininsa. Ta ce maganin bai kamata ya gaza haka ba. Ta tambaya ko yana sha kullum, ko akwai wani abin da yake sha.

Baba bai dube ni ba. Da Hausa ya ce, "Ki ce mata ina sha. Kada sunan kowa ya fito."

In na faɗi haka, za ta ninka masa ƙwayar da ba ya sha. Na faɗa mata komai da Turanci. Shekara ashirin Baba yana tuƙa tasi a garin nan, ya ji kowace kalma.

* * *

A jirgin ƙasa na layin D ya bar kujera ɗaya tsakaninmu. Sabuwar kwalbar na aljihun rigarsa.

Saura tasha ɗaya mu sauka ya miƙe.

"Ki wuce gida. Zan je in ba Alhaji haƙuri."

"Baba, ka ba ni kwalbar in riƙe maka."

Ya fita da ita, ƙofa ta rufe. Ta gilashi na hango shi a kan matakala, ya hau huɗu ya tsaya, ya dafa bango, mutane suna kewaye shi suna wucewa.