Barau Bai Amsa Ba

Babana Jatau makaɗin noma ne. Tun ina ƙarama burinsa ɗaya: ya ji muryarsa ta fito daga rediyo, ko sau ɗaya. Amma shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonakin ƙauyenmu, can wajen Maradun, aka daina gayya, ganga ta koma rataye a bango.

Ni na jawo masa abin. Malam Falalu ya shirya mana wasan kwaikwayo a makarantarmu ta Talata Mafara, labarin ɗan ƙauye mai son zama shahararren mawaƙi. Ya ce ana neman makaɗi don wurin gayya a wasan, kuma wani ma'aikacin gidan rediyo zai zo da rakoda. Ni da ko hannu ba na iya ɗagawa a aji, sai na ji bakina ya ce, "Malam, babana ya iya."

Ranar wasan, bayan la'asar, fili ya cika, har da mutanen ƙauyenmu da suka warwatse, wasu tun daga Bakura.

Mai rakoda ya ce wa Baba, "Kaset ɗin saura kaɗan, tsoho. Kada ka tsaya."

"Ina kag ga tsoho, yaro?" in ji Baba. "Kai dai riƙe akwatinka, kar shi faɗi."

Aka yi dariya.

A gayya, makaɗi kan kira manoma ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa da sunan gonarsa. Wanda aka kira sai ya ɗaga hauya ya yi kuwwa, sannan a wuce gaba. Malam ya koya wa Baba sunayen 'yan wasa, amma da ganga ta yi zafi, sai ya koma kan sunayen manoman ƙauyenmu na gaske.

Ya kira Dikko mai fadamar kuka. Dikko ya miƙe daga cikin taro, babu hauya, sai ya ɗaga hularsa. Ya kira Shehu, shi ma ya amsa.

"Barau na jigawar tsamiya, sa maso gabas!"

Shiru. Barau aminin Baba ne. Tun ranar da ruwa ya shafe gonarsa ya ɗauki sanda ya fita, ba a sake jin labarinsa ba.

Baba ya sake kira. Ganga ta koma ƙasa-ƙasa. Mai rakoda yana ta juya hannu, wai a ci gaba. Malam Falalu ya matso ya raɗa masa, "Don Allah Baba, ka wuce shi."

"Ba a wuce mutum bai amsa ba, Malam."

Ya kira na uku, yana duban bayan taro, wajen hanya. Sai muka ji ƙaf, rakoda ta tsaya.

Mai rakoda ya ce ba za a iya sa wannan a rediyo ba, rabinsa shiru ne.

A hanyar gida ni na ɗauki gangar. Ina ta kuka, na ce ya yafe mini.

"Mi kinka yi, Taiba?" Sai da muka kusa ƙofa ya ce, "Da sun sa shi hakanan, da shirun duka. Wataƙila inda Barau yake akwai rediyo."