Maɓalli Mai Hoton Wuta

Likita ya kira ni da hantsi, ya ce in zo in duba kwamfutar ofis, saƙo yana ɓata. Gyaran kwamfuta nake yi. Ni na haɗa musu ita shekara huɗu da suka wuce, kuma yayata ce ke zama a gabanta. Ita ce sakatariyar wannan ƙaramin asibitin tun kafin in yi aure.

A bencin bakin ƙofa na tarar da wani mai walda, tabaransa baƙi a saman goshi, ya naɗe wuyansa da tawul. Makonni bakwai ke nan da aka yanki tsoka daga wani ƙullutu da ya fito masa a wuyan aka aika wani ɗakin gwaji mai nisa. Duk Litinin sai ya rufe shago ya zo.

"Hajiya, yau ma shiru?" ya tambayi Yaya.

"Shiru, wallahi. Ga ƙanena ya zo, shi ne bokan na'urar."

"To boka, a taimaka. Wuyan riga ya daina rufuwa." Ya yi dariya, muryarsa a shaƙe.

Na zauna a kujerar Yaya. Ta ce sau biyu tana buga wa masu gwajin waya, suna cewa sun aiko, ita kuwa ba ta ga komai ba. Na duba akwatin saƙonni, babu. Sai na gangara can ƙasa inda akwatin tarkace yake a naɗe, wanda manhajar imel ke jefa tallace-tallace da saƙon 'yan damfara a ciki. Na buɗe. Ga shi nan har sau uku, tsakanin tallan maganin ƙiba da na fili. Na farkon ya iso kwana talatin da takwas da suka wuce. A kansa an rubuta a gaggauta.

Na buga shi a takarda na miƙa wa Likita. Ya karanta a tsaye, ya cire tabarau, ya sake karantawa.

"Da mun gani a lokacin, da tuni an fara masa magani," ya ce. "Yanzu ban sani ba. Ka gano mini, na'ura ce ko mutum. In mutum ne, ba zai ƙara kwana a nan ba."

Ya shige ɗakinsa. Yaya ta tafi haɗo mini shayi, ni kuma na ci gaba da tono. A ƙarƙashin saƙon mai walda na ga tsofaffin sakamakon gwaji fiye da ɗari, duk daga wuri ɗaya, duk an karanta su, kuma kowanne da hannu aka yi masa alamar tarkace.

Da ta dawo na ce, "Yaya, idan kin buga sakamako a takarda, me kike yi da saƙon?"

"Ƙona shi nake yi mana." Ta nuna wani maɓalli mai hoton harshen wuta. "Sirrin marar lafiya ne. Ba ka ganin duron da ke bayan asibiti? Duk takardar da aka gama da ita can take zuwa. Wannan ma haka, ina dannawa sai ya ɓace."

Ta faɗa da alfahari. Maɓallin nan ba ya ƙona komai. Gaya wa manhajar yake yi cewa irin wannan saƙon shara ne. Shekara huɗu Yaya tana gaya mata haka, manhajar tana tarawa ba ta aiki da shi, domin matatar da ke ware tarkace da kanta a kashe take. Wata biyu da suka wuce Likita ya yi ƙorafin talla ya yi yawa, na zo na kunna ta cikin minti biyu, na sha shayi, na tafi. Ban tambayi kowa komai ba.

Na shiga wurin Likita na ce, "Ni ne. Na kunna matata ban gwada ta ba."

Ya ce, "Shi ke nan abin da ya faru?"

"Shi ke nan."

"To ka gyara, kuma kada in sake ganinka a nan."

Na fito da sauƙi a ƙirjina, ina ganin na biya laifin. Na goge duk abin da manhajar ta koya, na sa adireshin masu gwajin cikin waɗanda ba a taɓawa, na mayar da saƙonnin wurinsu. Sai na ga hannun Yaya ya miƙo ta kafaɗata, ta kama linzamin kwamfutar, ta nufi hoton wutar da saƙon mai walda, tunda an riga an buga shi.

Na riƙe hannunta. Ina iya ɓoye maɓallin, amma gobe wani ya sabunta manhajar ya dawo, ko a canza kwamfuta. Muddin ba ta sani ba, gyaran bai gyaru ba.

"Kada ki ƙara danna wannan," na ce. Na gaya mata abin da yake yi, a hankali, kamar laifin maɓallin ne.

Ta zare hannunta. "Sau bakwai na kalli mutumin nan na ce masa shiru."

"Na riga na ce ni ne, Yaya. An wuce wurin. Ki yi shiru, kina da yara."

"Kai ka kunna, ni na koya wa manhajar. Kai yaro ne har yanzu."

Ta buɗe aljihun tebur, ta ɗauko makullan ofis da na duron bayan asibiti, ta ƙwanƙwasa ƙofar Likita ta shiga. Ban ji abin da suka ce ba. Ta fito babu makullan, ta ɗauki jakarta da kofin shayinta, ta tsaya a gaban benci.

"Malam, sakamakonka ya iso. Likita na kiranka."

Mai walda ya miƙe yana gyara tawul. "Kai, madalla. Boka, hannunka da albarka."