Ruwan da Baba Ernest Bai Sha Ba

Caleb yana tsaye kan bokiti a banɗakin ɗakin maza, sifana a hannu, sai ga manajan asibitin ya faɗo.

"Kai! Wa ya ba ka izini?"

Caleb ya ci gaba da aikinsa. Shekara tara yana gyaran famfo, ya san abin da yake nema. Ya kunce kan shawa ya zazzage a tafin hannu. Wani abu kore mai yauƙi ya zubo.

Da safen nan Baba Ernest, maƙwabcin Caleb a unguwar Trikania, ya rasu a gado na huɗu. Karaya ce ta kawo shi, har ya fara takawa da sanda. Matarsa, Mama Hannatu, ba ta yarda da ruwan asibiti ba. Kullum sai ta ɗauro jakar fiya wata a keke, ko kurkure baki ba ta bari ya yi da na famfo. Shi kuwa tsohon, da ya yi rayuwarsa duka da bokiti da moɗa, sai ya gano shawa. Sau biyu yake shiga a rana.

"Caleb, ruwan sama ne a cikin ɗaki, mai ɗumi!" in ji shi. "In na fito, ka haɗa min irinsa, ko na bar gaishe ka."

Bayan mako guda zazzaɓi da tari suka kwantar da shi.

A takarda an rubuta ciwon huhu. Nas ɗin ɗakin, Sista Abigail, ita ta ja Caleb gefe. "Shi ne na uku da irin ciwon nan ya kama a ɗakin nan. Ƙwayar cuta ce, lijiyonela. A ruwa mai ɗumi da ya kwanta take hayayyafa. Ba sha ake ba, shaƙar feshin ake. Sau biyu na rubuta a wanke tanki."

Yanzu Caleb ya miƙa wa manajan tafin hannunsa. "Oga, duba. Yaushe rabonku da buɗe tankin nan?"

"Tsoho ne, lokacinsa ya yi. Sori. Gobe za mu sa wa shawar sabon kai."

"Kai za ku canja? Tankin fa? Bututun fa?"

A bakin ƙofa wani dattijo yana jira, tawul a kafaɗa, soso a hannu.

"Ɗana, kun gama?"

"Baba, yau ba wanka a nan."

Caleb ya zagaya baya, manajan na biye yana kiran maigadi. Ya rufe babban famfon da ke kai ruwa ɗakin mazan, ya cire hannun ya jefa aljihu.

Da yamma, a tsakar gidan makoki, Mama Hannatu ta yage jakar ƙarshe tana raba wa masu gaisuwa. Ta miƙa wa Caleb ɗaya.

"Ko ɗigo bai sha nasu ba, Caleb. Na kiyaye."

"Kin kiyaye, Mama."

Ya zauna a benci, hannun famfon da ke aljihunsa yana tokare masa cinya. Ledar ruwan tana hannunsa, bai fasa ba.