Ƙwayoyin Baban Zion

Tun da Dung, wato Baban Zion, ya samu aikin tura marasa lafiya a keke a wani asibiti, shi ke nan ya zama likita. Flat ɗinsu na unguwar Catford ya koma clinic, matarsa Kachollom mai ciwon suga kuma ita kaɗai ce patient.

Da jininta ya fara hawa, ta ce za ta yi booking wurin GP, wato likitar unguwa. Dung ya taɓe baki.

"Me za su gaya miki wanda ban sani ba? Ungo nawa, ki riƙa sha."

Ya miƙa mata ragowar ƙwayoyinsa na hawan jini, irin masu sa yawan fitsari.

Jini ya sauka, suga ya tashi. Ta daina shinkafa, ta rage tuwon acha, duk a banza. Nan take babban likita Dung ya gano cutar: a ɓoye take ci. Ya shiga binciken jakarta. Wata Lahadi bayan sujada a cocinsu na Plumstead, a gaban matan zumunta, ya fizge meat pie ɗin da wata ta ba ta riƙo.

"Ku taya ni yi mata faɗa, kwaɗayi zai kashe ta!"

Kachollom ta bari sai da gari ya waye. Ta zuba magungunanta a leda ta tafi GP.

Likitar ta ɗaga kwalin ƙwayoyin hawan jinin. "Wa ya rubuta miki wannan?"

"Maigidana."

"Likita ne?"

"Haka yake gani."

Likitar ta ce irin wannan magani kan sa jikin wasu masu suga ya rage jin insulin, sai sugan ya taru a jini ko da mutum yana kiyaye abinci. Ta canza mata wani da ya dace da ita.

A gida Kachollom ta tarar da Dung a miƙe yana kallon ƙwallo. Ta tsaya tsakaninsa da TV.

"Baban Zion, an gano kwaɗayin nawa. Ƙwayoyinka ne."

Ta maimaita masa bayanin likita. Ya sosa ƙeya, ya gyara zama.

"Ai da ma I suspected. Ina shirin yi miki review ke nan."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ja tsaki, ta ɗauki jakarta ta fita, don kada bas ɗin wurin aiki ya wuce ta.