Keken Saverio a Bangon Coci

Ranar da mijina Saverio ya fara miƙewa tsaye a gaban uwarsa, na san da sauran magana. Ba murnarta ce ta dame ni ba, ni ma na yi kukana na share. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda uwar tasa, Donna Filumena, ta ɗaga ido sama tana motsa baki, tana gyaɗa kai kamar mai ƙulla ciniki da wani a kan rufi.

Shekarun baya ne Saverio ya faɗo daga bishiyar zaitun, lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa babu labari. Bara likitocin wani asibiti a arewa suka buɗe bayansa, suka shimfiɗa masa 'yan wayoyi a kan lakar, suka binne batirin a ƙarƙashin fatar cikinsa. In ya danna rimot, wuta ta bi jijiyoyin, sai ƙafafun su ɗauki nauyinsa. Yana riƙe da ƙarfen dogarawa zai tsaya, ya ɗan ja ƙafa, gumi na tsiyaya. Da ya kashe, ƙafafun sun koma gidan jiya. Na yi wa surukata wannan bayani har bakina ya bushe, amma ta bayan kunnenta ya bi.

Ran nan na dawo daga kasuwa, tun daga bakin ƙofa na ji shi yana ƙwala kira daga kan gado.

"Nunzia! Ina kekena?"

A inda keken yake tsayawa na tarar da wani tsohon keken guragu, baƙi ƙirin, mai nauyi kamar gadon ƙarfe. Na gane shi, na marigayiya Gwaggo Rosaria ne. Donna Filumena kuwa tana kicin ɗina tana dafa kofi, sandarta a jingine da teburi, hankalinta kwance.

"Yana coci," in ji ta. "Mai burodi ya kai mini a motarsa, ɗan nan yana barci. Tun ranar da ya faɗo na yi bakance, na ce wa Waliyyi Rocco in ɗana ya miƙe, keken nasa ne."

"Mama, da kika yi alkawarin, kin tambayi mai keken?"

"Yo ana tambayar mara lafiya kafin a roƙa masa sauƙi? Ke 'yar nan, da idona na gan shi a tsaye."

Na ji kamar in fasa ihu. Keken nan ba keke ba ne kawai. A jikinsa aka auna shi, matashinsa an yi shi daidai da ƙasusuwansa, yaro ma zai ɗaga shi da hannu ɗaya. Da shi yake zuwa aikinsa a matatsar man zaitun, da shi yake komai. Na Gwaggo Rosaria kuwa ko ƙofar banɗakinmu ba ya shiga. Kafin mako ya zagayo, wani jan tabo ya fito masa a mazaunai. Na ɗauki hoto na tura wa likitarsa, ta kira ni nan take. Ta ce in tabon ya buɗe ya zama gyambo, an dakatar da atisaye ke nan na watanni, ƙarfin da ƙafafun suka tara kuma ya zube.

Na je wurin Fada, limamin cocin. Ya shafa ƙeya ya ce shi baƙo ne a garin nan, bangon da ake rataye kayan bakance kuma ya girme shi, in nemi Cosimo mai kula da coci. Na samu tsohon yana kankare kakin kyandir.

"Baba Cosimo, keke na zo ɗauka."

"Abin da ya hau ƙusa ba ya sauka, 'yata. Ki taɓa ki gani in akwai wadda za ta ƙara amsa gaisuwarki a garin nan."

"To mutum ya ruɓe a zaune ke nan?"

"Hanya ɗaya ce muka gada. Wanda aka yi bakancen dominsa, in ya sa hannunsa ya sauke, ba mai cewa uffan." Ya faɗa yana murmushi, don ya san a inda ya rataye shi: sama da kan mai tsayi.

Da na kai wa Saverio labari, sai ya juya fuska bango. Tun da aka dasa masa abin nan bai taɓa tsayawa a waje ba. A falo yake yi, labule a sake, don ya tsani a gan shi yana rawar ƙafa.

"In na faɗi fa, a gaban gari?"

"In ka faɗi mu ɗaga ka, yau aka fara? Malam, zaɓi ɗaya, kunya ko gyambo. Ni dai na gaji da ɗaukarka zuwa banɗaki, bayana ba na jaki ba ne."

Ya zage ni, na rama. Ranar Lahadi ya ce in ɗauko masa farar rigarsa.

Mun bari sai da aka tashi daga addu'a, wai ko mutane za su watse. Ina! Garinmu ne fa. Tun ina turo shi a hawan nan mai duwatsu, ƙarfen dogarawa a kan cinyarsa, tayar keken Gwaggo Rosaria na kuka, labari ya riga mu isa. Waɗanda suka fita ma suka koma ciki.

Bangon yana nan yadda na san shi tun ina yarinya: sandunan guragu, zukatan azurfa, rigar amarya da ta yi ruwan ƙasa, hular kwano ta wani mai babur. Ga keken mijina a tsakiyarsu, an ɗaura masa jan ƙyalle. Donna Filumena tana tsaye a ƙasansa, ta dogara da sandarta, bakinta a tsuke.

Na kafa masa ƙarfen, na taka birki. Ya danna rimot. Na ga cinyoyinsa sun ɗaure a cikin wando, ya ja numfashi, ya tura, ya tashi a hankali.

"Mu'ujiza!" wata tsohuwa ta rangaɗa, mata suka yo kansa da hannuwa a miƙe.

"Batir ne!" na daka musu tsawa. "Ku matsa, wallahi duk wadda ta taɓa shi sai na ci mutuncinta!"

Suka ja baya. Coci ya yi tsit, sai numfashinsa. Gwiwarsa ta hagu ta fara karkarwa. Ya saki hannu ɗaya daga ƙarfen, abin da likitarsa ma ba ta cika so ba, ya miƙa sama. Yatsunsa suka taɓa taya, suka zame. Na yi nadamar bakina. Ya sake miƙawa, ya kama, ya ɗaga shi daga ƙusa, keken ya sulluɓo, na cafe shi a ƙirji. Na ajiye a bayansa, ya kashe rimot, ya zube a ciki. Ajiyar zuciyar da ya yi, har na bakin ƙofa sun ji.

"Haba ɗan nan," in ji uwarsa. "Za ka bar ni da kunya a gaban Waliyyi?"

"Mama, in tashina yake son gani, ai ga shi ya gani. Amma da wannan nake shiga banɗaki ba sai matata ta ɗauke ni ba."

Ta dube ni, ta dube shi. Ina jin sai a lokacin ta san abin da ake ciki a gidanmu. Ta daɗe tana kallon ƙusar nan da ba komai a kanta. Sannan ta kwance jan ƙyallen daga keken, ta ɗaura a sandarta, sandar da ko tsakar gida ba ta ƙetarewa babu ita, ta miƙa wa Cosimo.

"Rataye. Ni na yi alkawari, ni zan cika."

Na ce ta zauna a keken Gwaggo Rosaria in tura ta, ta ce ita ba ta mutu ba tukuna. Ta ɗora hannu a kafaɗar ɗanta. Saverio, wanda in ya samu gangara ba ya jiran kowa, ya riƙe tayoyinsa yana sakinsu kaɗan-kaɗan daidai takunta.

Ni aka bari a baya da tsohon keken. Na tura shi fanko har gida, kaina a sunkuye ina ta zagin tayarsa, don kada kowa ya ga idona.