Ranar da Alƙali Ya Janye Hukunci

Littafin kirki ba ya lalacewa don an faɗa maka ƙarshensa. Wannan ita ce aƙidar Alƙali, kuma bai taɓa ganin dalilin sake duba ta ba. Ba alƙalin kotu ba ne, likitan dabbobi ne da ya yi ritaya. Abokan karatunsa na jami'a ne suka laƙaba masa sunan, saboda duk Asabar sai ya tura musu hukuncinsa a zaurensu na waya kan littafin binciken kisan da ya karanta a makon.

Hukuncin gajere ne, kuma ba a ɗaukaka ƙara. "Gawa a ɗakin sanyin kamfanin kifi. Manajan ne ya kashe shi. Marubucin ya san kifi, bai san mutane ba." Ko kuma: "Mace ta shiga lif, ba a ga fitowarta ba. Mijin ne, kamar kullum. Ku karanta saboda 'yar sandan, bakinta ya fi labarin kaifi." Injiniya, abokinsu da ya fi kowa sayen littattafan nan, ya sha ficewa daga zauren a fusace, ya dawo da ƙafarsa.

A gida ma bai bar kowa ba. Autarsa tana sakandare ta daina karanta irin waɗannan littattafai, tun ranar da ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "Wannan? Ai makahon nan yana gani sarai." Yanzu tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Takan zo gaishe shi a tsaye, jaka a kafaɗa, mukullin mota a hannu. Alƙali ya ɗora laifin a kan zamani.

Sai aka yi masa aikin yanar ido, likita ya hana shi karatu har sai ya ga hali. Matarsa ta gwada karanta masa, amma duk labarin da ya shiga bakinta sai ya koma sanarwar rasuwa, kuma kafin a tsinci gawa ta yi barci. Da abin ya ishe ta, ta kira Auta. "Zo ki ji da ubanki. Ya fara yi wa rediyo gyara."

Auta ta zo bayan tashi daga aiki, ta zaro littafi daga kantar littattafansa ba tare da ta duba ba, ta fara karantawa a tsaye. Tun jimlar farko ya gane shi: mai gyaran agogon da aka tsinci gawarsa a shagonsa, ƙofa a kulle ta ciki. Bara ya karanta, ya san wanda ya yi, ya san dalili. Har ya buɗe baki, sai ya ji ta jawo kujera, ya ji jakar nan ta sauka a ƙasa. Ya rufe bakinsa.

"Baba, ka karanta wannan?"

"Na dai saya," in ji shi. Ba ƙarya ya yi ba.

Washegari ta dawo ba a kira ta ba. A rana ta uku har takalmi ta cire, ta naɗe ƙafa a kan kujera. Ta fara tsayawa a tsakiyar shafi tana musu da littafin. "Wallahi ɗan hayar nan ne. Wane irin mutum ne zai wanke labule ranar da aka yi kisa?" Duk sanda ta yi irin wannan hasashe, Alƙali sai ya lalubo kofi ya kurɓi ruwa, sunan mai laifin na yi masa ƙaiƙayi a harshe.

"Ruwan nan da kake ta ɗirka, lafiya?"

"Maganin ido ne, yana busar da maƙogwaro."

Ranar Asabar Injiniya ya zo dubiya da ledar lemo. Ya gaishe da marar lafiya, ya tsokani Auta, sannan idonsa ya faɗa kan bangon littafin.

"A'a! Ba wannan ba ne ka ɓata mini bara? Ina tsaka da shi ka rubuto mana cewa ashe duk wahalar nan..."

"Injiniya!" Alƙali ya miƙe zaune har bandejin idonsa ya goce. "Don girman Allah. Ba a faɗin ƙarshen littafi."

Injiniya ya ajiye lemon a hankali, ya ciro wayarsa, ya danna, ya kai ta bakin Alƙali.

"Ranka ya daɗe, ban ji da kyau ba. Maimaita wa jama'a."

Alƙali ya juya wajen da yake jin numfashin 'yarsa. Bai ji ƙarar rufe littafi ba. Ya gyara murya ya maimaita, kalma bayan kalma, kamar mai shan magani mai ɗaci. Injiniya ya tura wa zaure, ya yi sallama yana dariya har bakin ƙofa.

"Ashe ka san wanda ya yi," in ji Auta.

"Tsufa ne, 'yar nan. Na manta."

"Hmm. Ka ci gaba da mantawa."

Wayarsa ta fara ɓari a kan tebur, saƙo na korar saƙo. Ya san su sarai, shekaru suna jiran wannan rana, kuma ba za su bar maganar ba har a wajen jana'izarsa. Ya lalubo wayar, ya tura ta ƙarƙashin matashi, ya kwanta a kai.

"Muna wajen labulen," ya ce. "Ci gaba."