Rumbun Malam Yari Ya Yi Kaɗan

Malam Yari na bisa tsani yana danna damin gero a bakin rumbu da gwiwa, damin ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya sake dannawa, har gumi ya jiƙa masa gemu. Rumbu dai ya cika fal. Ga dami arba'in jibge a tsakar gida, ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin.

"Malam, sauko kar ka hwasa muna shi," in ji matarsa Tambaya. "Ba shi cin ƙari."

Duk garin Furfuri an san Yari da lissafin asara. Tun babbar yunwar nan da ya sha da ƙyar, bai ƙara yarda da damina ba. Kafin ya yi shuka ya riga ya raba gonar a ransa: gefen gulbi na ambaliya ne, tsakiya rabon fara ce, tsuntsaye ma ya ware musu nasu. Cikin kowane dami uku, ɗaya ba nasa ba ne. Da ya tashi gina rumbu, daidai biyun nan ya auna, ko tafin hannu bai ƙara ba. Shekara goma sha biyu lissafin bai ba shi kunya ba, shi kuwa har da ɗan alfahari.

To bana, shekarar da ake ta zancen hanyar jirgin ƙasa za ta iso Gusau, gulbi ya kwanta a inda yake, fara ba ta leƙo ba, tsuntsaye kuma kamar an yi musu gori.

Maƙwabcinsa Hamidu ya leƙo ta saman danga yana washe baki.

"Yari, ina baƙin naka? Ka aje musu rabo sun ƙi zowa?"

"Bari ba'a, ka zo ka kama muna!"

"Ni ma nawa rumbun ya cika. Amma hannuwa kam ina da su."

Aka yi tsawa. Yari ya san in ruwa ya daki geron nan, kwana uku ya isa ya yi tsiro ya ruɓe. Bala'in da ya yi wa tanadi bai zo ba, sai ga alheri na neman ya kayar da shi. Ya tsaya sororo, shi da ba ya rasa dabara.

Tambaya ba ta tsaya jiransa ba. Ta faɗa ɗaki ta jawo gadon kara, ta watso tabarmi, ta fito da tukwane da ƙore ta zube a waje.

"Ke, mi kika yi haka? Kayan ɗakinki hwa!"

"Tukunya ba ta tsiro, Malam. Ɗauko dami!"

Su uku suka shiga jida, Hamidu na gudu yana dariya, Yari na haki yana salati. Ɗaki ya cika har bakin ƙofa, zaure ma ya cika. Damin ƙarshe na shiga, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Hamidu ya tsallake danga ya yi gida.

Sai a lokacin suka lura ba su bar wa kansu wurin tsayuwa ba. Suka raɓe a gindin rumbu tare da kaji, ruwa na sauka a kan gadonsu. Tambaya ta dubi mijinta jiƙe sharkaf, ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya daure, ya daure, ya kasa.

Can ya miƙe ya shiga cikin ruwan. Ya tsuguna ya damƙo laka, ya murza ta a hannu, ya gyaɗa kai. Sannan ya kafa diddige kusa da rumbun, ya fara taka faɗin wani sabo yana ƙirgawa a hankali. A taku na huɗu ya tsaya.

Tambaya ta share ruwa daga fuskarta.

"Ƙara ɗaya, Malam."

Ya dubi inda diddigensa ya tsaya. Sai ya ɗaga ƙafa ya ƙara.